Ingilishin Asibiti: Tara Kalmomi da Horon Karatu ga Ma'aikatan Lafiya

Laccar da aka gabatar a harabar Masallacin Koudoukou, unguwar Kilomita Biyar, Bangui

Allah gafarta malam liman, iyayenmu dattawan unguwa, iyayenmu mata, 'yan kasuwa da suka bar shaguna suka zo, da ku ƙannena ma'aikatan lafiya da ɗaliban sashen kiwon lafiya na Jami'ar Bangui, waɗanda dominku aka shirya zaman nan, ina gaishe ku duka.

An nemi in yi magana a kan jarrabawar Ingilishi da ake yi wa likitoci da nas-nas da ungozomomi da masu harhaɗa magani, da yadda mutum zai tara kalmomi ya horar da idonsa ga karatu kafin ya zauna mata. Na san akwai mai cewa a ransa: mu da ke garin Sango da Faransanci, me ya haɗa mu da Ingilishi, har a kawo zancensa masallaci? Tambayar tana kan hanya, da ita zan fara.

A watan Mayu na 2024 jirgi ya sauka nan Bangui ɗauke da allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro mai suna R21, sama da guda 43,000. Ƙasarmu ce ta fara karɓar ta domin shigar da ita cikin rigakafin yara na yau da kullum. A Jami'ar Oxford aka ƙirƙiro ta, kamfanin Serum Institute na Indiya ke sarrafa ta, kuma sakamakon gwajin da aka yi mata a kan yaran Burkina Faso da Mali da Kenya da Tanzaniya da Ingilishi aka buga shi. Nas ɗin da ke yi wa jaririyarki wannan allura, idan uwa ta tambaye ta ƙarfin kariyarta da tsawon lokacin da take yi, ko dai ta karanta asalin rahoton da kanta, ko ta jira wani ya fassara mata abin da ya ga dama. Haka ƙyandar biri. A dazuzzukanmu na Lobaye take, masu bincike na cibiyar Pasteur ta Bangui sun daɗe suna bibiyarta, amma mafi yawan abin da suka gano da Ingilishi suka sanar da duniya. Cutar tamu ce, labarinta kuwa yana cikin harshen da yawancinmu ba mu karantawa.

Ta fuskar addini babu abin ɗar-ɗar. Malamai da ke nan sun fi ni sanin cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Zaidu ɗan Sabit ya koyi rubutun Yahudawa domin wasiƙun da ke zuwa. Imamu Gazali ya lissafa ilmin likitanci cikin farillan da idan wasu suka ɗauka an sauke wa saura. Abin da farilla ba ta cika sai da shi kuwa, kun san hukuncinsa.

Jarrabawa biyu ne suka fi shafar ku. Ta farko IELTS, wadda aka fara a 1989. Ita ta kowa da kowa ce: mai neman karatun injiniya da mai neman aikin jinya takarda ɗaya suke amsawa. A sashen karatunta za a ba ka dogayen rubuce-rubuce uku da tambayoyi 40 cikin minti 60, kuma rubutun na iya zama a kan tarihin jiragen ruwa ko rayuwar ƙudan zuma. Ta biyu OET, wadda aka tsara a Ostareliya a ƙarshen shekarun 1980 musamman domin ma'aikatan lafiya, tana da reshe 12 na sana'o'i, har da likitan haƙori da likitan dabbobi. Sassanta huɗu ne: saurare, karatu, rubutu da magana. A rubutu wasiƙa ake so, galibi ta tura majinyaci zuwa wani likita ko ta sallama, mai kalmomi 180 zuwa 200. A magana kai ne ma'aikacin, wanda ke gabanka ya zama majinyaci ko ɗan'uwansa.

Sashen karatu na OET shi ne abin da ya tara mu. Minti 60 ne, tambayoyi 42, kashi uku. A kashi na farko guntayen takardu huɗu ake bayarwa a kan cuta ɗaya, irin jadawalin magani da matakan kula da majinyaci, da tambayoyi 20, cikin minti 15. Da lokacin ya cika an wuce wurin, ba komawa. Ku lissafa: daƙiƙa 45 ke nan ga kowace tambaya. Kashi na biyu gajerun rubuce-rubuce shida ne irin waɗanda ake mannawa a bangon asibiti, sanarwa ko umarnin amfani da na'ura ko saƙon shugaban sashe. Na uku maƙaloli biyu ne masu kalmomi kusan 800 kowace, tambaya takwas-takwas, inda ake neman ka gane ra'ayin marubuci da inda ya karkata. Maki daga 0 zuwa 500 ne, darajar B tana farawa daga 350, kuma yawanci sai ka samu kusan 30 cikin 42. Hukumar nas-nas da ungozomomi ta Birtaniya tana neman B a saurare da karatu da magana, ta yarda da 300 a rubutu. Hukumar likitocinsu B take nema a duka huɗun. Waɗannan sharuɗɗa sukan canza, kowa ya duba shafin hukumar da kansa kafin ya biya ko sisi.

To, ga abin da na zo in faɗa. Yawancinku kuna jin tsoron manyan kalmomin likitanci, kuna kwana kuna haddace jerinsu. Ƙannena, waɗannan kalmomi kuna da su tun tuni. Wanda ya yi karatun lafiya da Faransanci ya riga ya mallaki hawan jini da ciwon suga da ƙarancin jini da jijjigar masu ciki da sunayensu na kimiyya, domin daga Latin da Girkanci harsunan biyu suka ɗebo su, bambancin harafi ɗaya ne ko biyu a ƙarshe. Mu Hausawa ma muna da ƙari, tunda asibiti da likita da nas da tiyata da bandeji duk daga Ingilishi kakanninmu suka aro su. Abin da ke kayar da mutane a jarrabawar nan ƙananan kalmomi ne na yau da kullum, waɗanda ba a koyarwa a ajin likitanci domin ana ganin kowa ya san su.

Majinyaci a Landan ba zai ce maka yana da alama kaza da sunanta na littafi ba. Zai ce "I threw up", yana nufin ya yi amai. Zai ce yana jin "pins and needles", wato kamar ana tsittsira masa allura a hannu ko ƙafa. 'Yar wata tsohuwa za ta ce mahaifiyarta "passed out", ta suma ke nan. Da ta ce "passed away", rasuwa take nufi. Kalma ɗaya ce gajeriya ta raba suma da mutuwa. Kalmar "discharge" a layi ɗaya sallama ce daga asibiti, a layin da ke ƙasa ruwa ne da ke fita daga rauni. Sai kuma 'yan kalmomin da ke juya jimla gaba ɗaya, irin su "unless" da "seldom" da "rather than" da "may". Umarnin da ya ce kada a ba da magani "unless" abu kaza ya faru, wanda bai riƙe wannan kalma ba zai yi akasin abin da aka ce, a takarda ya rasa maki, a gadon asibiti ya cutar da rai. Marubucin da ya ce magani "may" rage zafi bai ce yana ragewa ba, cewa ya yi mai yiwuwa. Tambayoyin kashi na uku a kan irin wannan tazara ake gina su.

Akwai haɗarin da ya keɓanta da ku masu Faransanci, kuma ina so in daɗe a kansa domin abokan aikinku na Kano da Zariya ba su da shi. Wasu kalmomi kamanninsu ɗaya a harsunan biyu, ma'anarsu daban. Abin da kuke kira "angine" ciwon maƙogwaro ne. "Angina" a Ingilishi ciwon ƙirji ne da ke zuwa idan jini bai isa tsokar zuciya ba. Na farko a ba shi magani ya tafi gida, na biyu a kwantar da shi a duba zuciyarsa. "Anthrax" a littafinku na Faransanci tarin maruru ne a fata, a Ingilishi kuwa muguwar cutar nan ce ta dabbobi da ke kama makiyaya da mahauta. "Intoxication" a wurinku guba ce, ko ta abinci, a bakin Bature mai Ingilishi yawanci maye ne. "Drug" a takardar asibiti magani ne kawai, ba kayan maye ba. Ga kuma gajerun sunaye da ke juyewa: SIDA ta koma AIDS, VIH ya koma HIV, OMS ta koma WHO.

Lambobi sun fi kalmomi haɗari. Faransanci da waƙafi yake raba ɗigon lissafi, Ingilishi da aya. Idan takardar Ingilishi ta rubuta 1,500 na miligiram, dubu ɗaya da ɗari biyar take nufi, alhali idon da ya saba da Faransanci zai iya karanta ɗaya da rabi. Awon jinin da kuke faɗa 12/8, su 120/80 suke rubutawa. Sukarin jini da kuke aunawa da giram a lita, a Birtaniya da milimol suke aunawa: iyakar ciwon suga da kuka sani 1,26 ita ce 7 a wurinsu, a Amurka kuma 126. Kashi na farko na jarrabawar cike yake da jadawalin awo da adadin magani, kuma daƙiƙa 45 ba ta isa mutum ya tsaya yana juya lissafi a kansa. Sai ido ya riga ya saba.

Ta yaya ido ke sabawa? Da karatu mai yawa, kullum. Masanin harshe Paul Nation na ƙasar New Zealand da abokan aikinsa sun nuna cewa kafin mutum ya fahimci rubutu ba tare da ƙamus ba, yana bukatar ya san kusan kalmomi 98 cikin kowace 100, kuma karanta jarida ko littafi a sake yana neman tushen kalmomi 8,000 zuwa 9,000. Ku auna wannan da maƙala mai kalmomi 800. Wanda ya san 98 cikin 100, baƙin kalmomi 16 zai haɗu da su, zai iya hasashen ma'anarsu daga abin da ke kewaye. Wanda ya san 90 cikin 100 kuwa, 80 ne za su tare shi, kusan ɗaya a kowane layi, kuma ba hasashen da zai fitar da shi. Kalma 8,000 ba ta shiga kai ta hanyar jeri. Tana shiga ne idan ka gamu da ita sau da yawa a jimloli daban-daban. Jeri ɗaya da zan yarda ku riƙe shi ne wanda Averil Coxhead ta fitar a 2000, mai tushen kalmomi 570 da suka fi yawo a rubutun ilmi. Da kun duba shi za ku ga kaso mai yawa daga cikinsu kun san su ta Faransanci, sai ku ware ragowar ku fuskance su.

Abin karantawa kuwa yana nan kyauta. Hukumar Lafiya ta Duniya tana wallafa bayanin kowace babbar cuta a shafinta da harsuna shida, ciki har da Ingilishi da Faransanci da Larabci. Ka ɗauki na zazzaɓin cizon sauro da Ingilishi, ka karanta shi tun daga sama har ƙasa ba ka taɓa ƙamus ba, ka ja layi ƙarƙashin abin da ya shige maka duhu. Sannan ka buɗe na Faransanci ka gwada fahimtarka. Kada ka fara da na Faransancin, domin idan ka fara da shi tunawa kake yi, ba karatu ba. Littafin jagorar magani na ƙungiyar likitocin agaji ta MSF, wanda da yawanku kuka yi aiki da shi a asibitin Castors ko na Mamadou Mbaïki, yana da bugun Ingilishi babi da babi daidai da wanda kuka sani, kuma fasalinsa ya yi kama da takardun kashi na farko. Don jin yadda ake yi wa majinyaci bayani da sauƙin harshe, shafin hukumar lafiya ta Birtaniya, NHS, ya isa. Don dogayen maƙaloli akwai mujallar Pan African Medical Journal, wadda ke buga bincike da harsunan biyu a kan cututtukan da kuke gani kullum. Ɗaliban jami'a su tambayi ɗakin karatunsu zancen shirin Hinari, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe a 2002 domin cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi su samu manyan mujallu.

Batun riƙe abin da aka karanta, ba sai na koya wa wanda ya tashi a makarantar allo ba. Ba a wanke allo sai karatu ya zauna, kuma wanda ya zauna ɗin ma ana komawa kansa da tilawa gobe da jibi da mako mai zuwa, in ba haka ba ya zube. Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya auna wannan a 1885, ya nuna mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko, kuma bita mai tazara ke tsayar da ita. Saboda haka ka sami ɗan littafin aljihu. Kalma goma a rana ta wadatar. Kada ka rubuta kalma tsirara da fassararta: rubuta jimlar da ka tsince ta a ciki, domin Ingilishi kalmominsa tafiya suke da abokansu, kuma fi'ilin da ake haɗawa da magani ba shi ake haɗawa da awon jini ba. Ka faɗe ta da baki ka ji ta da kunnenka, tunda rubutun Ingilishi da furucinsa sukan yi hannun riga. Minti talatin bayan sallar asuba, kafin zafi da hayaniyar kasuwa, sun fi awa biyar na daren Lahadi.

Sai sauri. Karatu iri biyu ne a jarrabawar, kuma kowane da horonsa. Na kashi na farko nema ne: ka karanta tambaya, ka san a wace takarda cikin huɗun amsar za ta kasance, idonka ya sauka a kan lamba ko sunan magani, ka kwafe daidai harafi da harafi. Na kashi na uku natsuwa ne, sakin layi bayan sakin layi, kana tambayar kanka me marubucin ya yarda da shi, me ya kawo domin ya rushe. Ku kula, zaɓin da ya maimaita kalmomin maƙalar sak sau da yawa tarko ne. Amsar gaskiya takan faɗi ma'anar da wasu kalmomi dabam, kuma wannan shi ya sa mai yawan karatu ke cin mai hadda. Sau ɗaya a mako ka ajiye agogo ka amsa takardar gwaji daga shafin masu jarrabawar. Bayan ka gama, lokacin da za ka ɓata kana binciken dalilin kowace amsar da ka faɗi ya fi lokacin amsawar amfani. Ba a rage maki don kuskure, don haka kada ka bar gurbi.

Kuɗin zama OET ya haura sefa 200,000, ban da mota da masauki ga wanda zai fita waje ya zauna mata, kuma sakamakon shekara biyu yake aiki a wurin hukumomin da na ambata. Wannan ba kuɗin gwada sa'a ba ne. Kada ka yi rajista sai ka ga kana kai wa makin da ake nema a gwajin gida sau da dama a jere. Kuma ina roƙon ku da girman Allah ku guji masu turo saƙo a WhatsApp cewa suna sayar da takardar sakamako ko tambayoyin da za su fito. A 2023 hukumar nas-nas ta Birtaniya ta soke sakamakon mutum kusan 2,000 da suka zauna jarrabawarta ta kwamfuta a wata cibiya a Ibadan bayan ta gano maguɗi, mai laifi da marar laifi duk abin ya shafe su. Ban da asarar kuɗi da suna, wanda ya sayi shaidar jin harshen da ba ya ji, ran majinyaci ya saya.

Iyayena, na ga tambayar da ke fuskokinku: shin ba hanyar guduwa muke nuna wa yaran nan ba? Ni ma tana damuna. Wannan harabar da muke zaune ta ɗauki ɗaruruwan masu neman mafaka a rikicin 2014. Kun tuna lokacin da fita daga Kilomita Biyar zuwa asibitin cikin gari ya zama sayar da rai, mata suna naƙuda ba mai karɓar haihuwa sai wanda ke cikin unguwa. A ƙasar nan likita ɗaya ba ya samuwa ga mutum 10,000, kuma a ƙiyasin 2020 mata sama da 800 ke rasuwa a kowace haihuwa 100,000. Saboda irin wannan ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa mu cikin ƙasashe 55 da ta lissafa a 2023, tare da Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru, waɗanda bai kamata a shigo ana ɗibar ma'aikatan lafiyarsu ba. Birtaniya ta hana asibitocinta da dillalai farautar ma'aikata a waɗannan ƙasashe, ko da yake mutum na iya neman aiki da kansa. Don haka duk dillalin da ya zo maka da alƙawarin aiki a can, ka bincike shi da kyau.

Ba zan ce wa kowa kada ya tafi ba. Ma'aikacin da albashinsa ba ya ciyar da gidansa ba ni da bakin hana shi neman halalinsa. Amma ra'ayina shi ne, amfanin Ingilishin nan ya fi yawa a nan gida. Da shi ungozoma za ta karanta sabon umarni kan tsayar da zubar jini bayan haihuwa ranar da ya fito. Da shi ɗanmu zai zauna teburi ɗaya da likitocin ƙungiyoyin agaji da na rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya ta MINUSCA a matsayin abokin shawara. Da shi za a nemi gurbin ƙwarewa a Kano ko Kigali ko Nairobi a dawo, a kuma rubuta takardar neman tallafin bincike da sunanmu a sama. Ruwanda, wadda sojojinta kuke gani a titunan garin nan, ta mayar da karatun makarantunta zuwa Ingilishi a 2008. Mu ba ma bukatar barin Faransanci ko Sango, ƙari muke nema a kansu.

Abin da nake nema a wurin jama'a kaɗan ne. Allah gafarta malam, a ba yaran nan ɗaki ɗaya a harabar nan sau biyu a mako, tsakanin la'asar da magariba. Alhazai, farantin sola ɗaya da na'urar buga takarda da katin intanet na wata-wata ba su kai kuɗin jigilar kaya ɗaya daga Douala ba. A cikinmu akwai waɗanda suka yi karatu a Nijeriya ko Bamenda, da waɗanda gudun hijira ya kai su inda suka koyi harshen, su zo su riƙa jan karatun. Magidanta kuma, matanku da 'ya'yanku mata su ne mafi yawan nas-nas da ungozomomin unguwar nan, kuma su ne ke tashi daga aikin dare su faɗa aikin gida. A ɗauke musu awa ɗaya, a bar su su zo. Zaman farko a fara da bayanin Hukumar Lafiya ta Duniya a kan zazzaɓin cizon sauro, a buga wa kowa kwafin Ingilishi, na Faransancin ya zauna a hannun mai jan karatu sai an gama. Kowa ya zo da biro da littafin aljihu, mutum ɗaya ya riƙe agogo. Masu son shiga su ba da sunayensu ga ladan kafin a watse.